Kaset Ɗin Hausa da Galan Ɗin Sufeto

Ranar Larabar Toka ta shekarar da nake aji biyar, shekarar nan da azuminmu na kwana arba'in ya kama kusan rana ɗaya da azumin Musulmi, mun dawo daga coci da yamma kowa da toka a goshi, sai Baba ya ce in shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar da ke tsakar gidanmu na haya a Batsari. Ya shiga ɗaki ya fito da kwalin da Fada, limamin cocinmu, ya aiko daga Katsina, ya zazzage kaset bakwai na bidiyo, ya jera su a gabanmu. Al'adar gidanmu ke nan kowace shekara. Da azumi ya shigo sai a kulle finafinan rawa da na faɗa a akwati, a fito da na addini, kowa ya zaɓi nasa daga ƙarami zuwa babba, kowace Juma'a a kalli ɗaya bayan an taso daga addu'ar Hanyar Gicciye. Ƙannena biyu suka yi wawaso, ɗaya ya ɗauki mai hoton zaki, ɗayan mai hoton takobi. Da aka zo kaina ko kallon masu hoto ban yi ba. Na miƙa hannu na ɗauki wani mai farin kwali da duk ya sha hannu, wanda aka rubuta da biro a gefensa cewa tarihin Yesu ne da Hausa. Na ɗora shi a cinyar Kaka na ce nata ne. Ta juya shi, ta kai shi dab da idonta mai ɗan gani, ta girgiza shi a kunne, sannan ta ce, "To, ƙawata, in Allah ya yarda zan gan shi kafin idon nan ya tafi."

Mu Hausawa ne, Kiristoci, daga wani ƙauye can kudu da Malumfashi. Aikin koyarwa ne ya kawo Baba Batsari, ya kuwa kawo mu a shekarun da rayuwa ta yi wa kowa tsanani. Sabulu ya zama abin ɓoyewa, sukari sai in an yi baƙo, albashi kuma sai wata ya mutu wani ya kusa bin sa ba a gan shi ba. Da katikis, mai koya mana addini, ya tuna mana a coci cewa ba a cin nama ranar Juma'a a cikin azumi, Mama sai da ta toshe baki da gefen zani, don rabonmu da nama tun Kirsimeti. Dafaffen rogo da ƙuli ne abincin rana, da dare tuwon dawa miyar kuka. Ni ce babba, don haka kafin in tafi makaranta sai na cika randuna biyu daga rijiyar bayan gida, na share tsakar gida, na zuba wa awaki ƙaiƙayi da harawa. In an taso kuma ga surfe, ga kai niƙa, ga wanke-wanke da toka. Duk da haka sai na saci lokaci na yi carafke da 'ya'yan maƙwabta a bakin zaure, ko mu bi bayan makaranta muna jifan mangwaron da ko ƙosawa bai yi ba, mu ci da gishiri haƙoranmu su mutu.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Bamagujiya ce har ta yi furfura, sai bayan rasuwar kakanmu ta karɓi baftisma. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba, duk abin da ta sani na addini da kunne ta ji shi a bakin katikis, ta kuwa riƙe shi gam. Yanar ido ta riga ta rufe mata idon hagu, na daman ma kullum raguwa yake. Baba ya ɗauko ta ne don a duba ta a asibiti, aka ce sai likitan ido ya zo, shiru likita bai zo ba. A ɗaki ɗaya muke kwana, ni ke ja mata hannu zuwa coci, ni ke zura mata zare a allura. Sau da yawa muna ɓarar gyaɗa takan ce mini ita labarin duka da gicciye ba ya ba ta mamaki, ta ga muguntar mutane iri-iri a duniya. Abin da take so ta gani shi ne safiyar da aka tarar da kabari a buɗe. "In ga yadda ya tashi, in ji kuma abin da ya ce wa matan nan da bakinsa," in ji ta. Akwai wani abu game da ita da ya kamata in faɗa. Baba ɗanta ne na fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Sai dai ta ce "mai gidan nan", ko ta yi magana tana kallon bango.

Talabijin ɗin namu ne, Baba ya saya tun albashi na da daraja. Bidiyo da ƙaramin janareta kuwa na coci ne, a gidanmu ake ajiye su saboda ƙofar cocin ko akuya na iya ture ta. Matsalar ita ce fetur. A shekarar gidan mai ya zama wurin shanyar barkono, masu babura har Katsina suke zuwa su yini a layi su dawo haka nan. Mutum ɗaya ne a cocinmu fetur bai taɓa yanke masa ba, wato Sufeto. Mai duba makarantu ne, yana zaune a Safana, makarantar Baba na cikin waɗanda yake dubawa, kuma shi ne shugaban kwamitin coci. Kowace Juma'a sai ya iso kan baburinsa da ɗan galan ɗaure a baya, ya zauna a kujerar Baba ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, Mama ta kawo masa ruwa a kofin da ba ma taɓawa. Bahaushe ne kamar mu, ƙauyensu bai fi tafiyar hantsi daga namu ba, na tabbata da miyar kuka aka yaye shi. Amma in ya buɗe baki sai Turanci, ko tari zai yi sai ya yi shi da iyayi. A lokacin ana ta raɗe-raɗin za a rage malamai, shi ya sa in Sufeto ya yi gyaran murya sai Baba ya miƙe tsaye.

Juma'ar farko na share falo, na rufe tagogi da zannuwan Mama don hasken la'asar, na shimfiɗa wa Kaka buzunta dab da talabijin. Na roƙi ƙannena suka bar mini layin farko, na miƙa wa Baba kaset ɗinmu ina murna. Sufeto ya karɓa daga hannunsa, ya riƙe shi da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya yi dariya. Ya ce irin wannan ai na wa'azin ƙauye ne, na mutanen da ba su waye ba, gidan malamin makaranta kuwa yara Turanci ya kamata su riƙa ji. Ya ajiye shi a gefe ya zaɓi wani. Na kalli Baba, Baba ya kalli ƙasa. Da baƙo ya tafi na tsare Baba a zaure, sai ya ce mini ba don Sufeto ba ne, maƙwabta na azumi, in suka jiyo irin wannan labari da Hausa ta kan katanga ba za su ji daɗi ba, in bari sai bayan Sallah. Na yarda, don a lokacin ban san babba na iya kallon yaro ido cikin ido ya yi masa ƙarya ba.

Haka aka yi ta yi, Juma'a bayan Juma'a. A kunna janareta ya cika unguwa da ƙara, Turawa su fito da dogayen riguna suna ta magana ta hanci, Sufeto na gyaɗa kai kamar shi ya koya musu. Kaka na zaune a gaba ta karkata kai, ta sa tafin hannu a goshi tana neman hoto da idonta ɗaya. Can sai ta taɓa ni ta ce, "Me ya ce?" Ni da Turancin aji biyar, me na sani? In kama kalma ɗaya in ƙara goma daga kaina. Ko hakan ma ba a bar mu ba, da na fara raɗa sai Sufeto ya ja tsaki, Baba ya harare ni. Ranar Juma'a ta uku har cewa Sufeto ya yi, wannan karon da Hausa don ta ji, wai tsofaffi in sun gaji suna iya zuwa su kwanta. A gidan ɗanta, a kan buzunta! Ni kuwa na cika fam, na fita bayan gida na yi ta jifan katanga da hoge har hannuna ya yi ciwo.

Sallah ta zo, aka yi ta shigo mana da tuwon shinkafa daga gida-gida kamar yadda mu ma muke kai musu in Kirsimeti ta zo. Inna Rabi, matar Malam Sule mai gyaran babura da katangarmu ke haɗe, ita da kanta ta kawo nasu. Bakina bai da linzami, na tambaye ta ko sun ji haushin abin da muke kallo. Ta riƙe haɓa ta ce, "Mi za mu ji? Wanga injin naku ko kukan jaki ba ya bari mu ji." Mama ta daka mini tsawa, amma na riga na gane. Ba Musulmi Baba ke tsoro ba. Ɗan'uwansa Kirista yake tsoro, wanda suke durƙusawa tare a benci ɗaya. Juma'ar da ta biyo baya aka ce a bar kaset ɗin Kaka sai Juma'a Mai Kyau, wadda ake tuna ranar gicciye. A makon ne kuma Kaka ta miƙa hannu za ta ɗauki moɗa ta kifar da kwanon koko, don ba ta gan shi ba. Na goge ƙasa ina kuka, ba don kokon ba, na kuma yanke shawara a raina.

Ranar Juma'a ta shida na ɗaure kaset ɗin Hausa a cikina, ƙarƙashin zani. Zuwa lokacin aikina ne sa kaset, domin Baba yakan fita waje ya ja igiyar janareta. Sufeto ya miƙo mini wanda ya zaɓa ko kallona bai yi ba. Na juya masa baya, na tura nasa ƙarƙashin tebur, na zura nawa. Kuskurena ɗaya, ban san ana tariyo kaset baya ba. Ashe daga wani ƙauye aka dawo da shi, can ma mai ya ƙare musu ana cikin kallo, ba wanda ya mayar da shi farko. Hoto na fitowa sai ga mutum jina-jina, ana tura shi ƙasa, ana buga ƙusa. Sannan ya ɗaga kai ya yi magana, da Hausa tsantsa, irin wadda ake yi a tsakar gida, yana roƙa wa masu kashe shi gafara. Kaka ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo ɗan mutane! Ashe da bakinmu yake magana." Ta ja jiki har goshinta ya kusa taɓa gilashin. Mama da ke tsaye a bakin ƙofa ta durƙusa. Baba ya shigo yana goge hannu ya tsaya cak. Na ɗan lokaci ba wanda ya motsa, har Sufeto. Muka ga mutumin da ke kan gicciye ya sunkuyar da kai ya mutu, muka ga an sauko da shi, uwarsa ta rungume shi, aka naɗe shi, aka tura dutse aka rufe kabari.

Daidai nan Sufeto ya miƙe. Ya fita tsakar gida ya kashe janareta da hannunsa, hoton ya tsuke ya ɓace. Ya dawo yana huci, ya ce shi ba a raina masa hankali, ba zai ƙona mansa tun daga Safana don yarinya ƙarama ta mai da shi abin wasa ba, kuma malamin da ya kasa riƙe 'yarsa ta yaya zai riƙe aji. Wannan maganar ta ƙarshe a hankali ya faɗe ta, yana kallon Baba. Kaset ya maƙale a ciki tunda ba wuta, sai ya sa Baba ya sake kunna janareta, ba don a ƙarasa ba, don kawai ya danna ya ciro shi. Kaka ta ji ƙarar injin ta ɗauka an huce, ta gyara zama tana cewa, "Yauwa, ku bar ni in ga ya tashi." Ya ciro kaset ɗin ya jefa a jakarsa, ya ce kayan coci ne, zai adana. Ya zura tiyo ya tsotse sauran fetur ɗinsa ya mayar a galan, ya hau babur. Baba ya bi shi har bakin titi yana ba da haƙuri, hula a hannu.

Da ya dawo ya tsinko tsumagiyar dalbejiya ya nufo ni. Ban gudu ba, ban ma yi niyyar kuka ba. Ya ɗaga hannu ke nan sai muka ji daga ɗaki an ce, "Yakubu." Mama ta saki muciyar da ke hannunta. Kaka ta fito tana lalube, ta tsaya a bakin ƙofa ta fuskanci wajen da take zaton yake. Ta ce, "Yakubu, da wannan Hausar na yi maka rawa a baya, da ita na yi roƙo a kanka ranar da ƙyanda ta kusa ɗauke ka. Yau ita ce abin kunya a gidanka? Ajiye bulalar nan." Ya ajiye. Ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da tafin hannu, har awaki suka shigo suka wuce ta gabansa bai ɗago ba.

Da labarin ya tsaya nan da na yafe tuntuni. Inna Rabi ta ji abin da ya faru a bakin Mama, ta gaya wa mijinta. Ranar Juma'a Mai Kyau da safe sai ga Malam Sule ya yi sallama da kwalba cike da fetur da ya zuƙo daga baburinsa, mutumin da ke tura babur da ƙafa don ya rage shan mai. Ya ce a kunna wa tsohuwa abinta, shi bai san me ke ciki ba, ba kuma ruwansa, amma ba a barin tsoho da abu a rai. Ya kuma ba Baba aron babur ɗin ya je Safana ya karɓo kaset. Ranar Asabar na yi wa Kaka wanka, na share falo sau biyu, na rufe tagogi tun azahar. La'asar Baba ya dawo. Ya miƙo mini leda, na buɗe, sai ga kaset mai hoto, na Turanci. Daga baya Mama ta gaya mini yadda aka yi. Ya je, ya gaishe da Sufeto, an ba shi kujera, an yi hirar makaranta da ta jerin sunayen malaman da za a rage, Sufeto ya zaɓo masa wannan ya ce ya fi dacewa da Ista, Baba ya ce ya gode. Bakinsa bai buɗe ya tambayi abin da ya kai shi ba. Na jefar da kaset ɗin a tsakar gida, na ce masa ya kalla shi kaɗai, ban damu ko zai kashe ni ba. Bai taɓa ni ba. Kwalbar Malam Sule kuwa Mama ce ta mayar masa da ita cike, tana ba shi haƙuri.

Ranar Litinin bayan Ista Kaka ta ɗaure kayanta ta ce za ta gida, lokacin sharar gona ya yi. Kowa ya san ba ta ganin gonar balle ta share ta. Ni na ja mata hannu har tasha. Muna jiran mota na ce mata ai ya tashi, Kaka, ya tashi, na fara ba ta labarin yadda katikis ke faɗa. Ta shafa kaina ta ce, "Na sani, ƙawata. Ji kam na sha ji." Kafin damina ta yi nisa idon daman ya rufe, kafin wani azumin ya zagayo muka je muka binne ta. Baba bai rasa aikinsa ba. Da albashin nan na yi makaranta har na zama abin da na zama, na kuma san da haka, ba sai an tuna mini ba.

Yanzu 'ya'yana a waya suke zaɓar abin da za mu kalla da azumi, ɗaruruwa, ba igiya ba galan, su danna su koma farko su danna su tsallake zuwa ƙarshe. Batsarin da na sani ma ta canja, ƙauyukan Ruma da muke zuwa sayen nono yau mutum sai ya yi addu'a kafin ya kama hanyarsu, cocinmu kuma ban san ko akwai sauran masu shara a cikinta ba. Ina kewar gindin dalbejiyar nan, da katangar da ake miƙo kwano ta kanta. Baba ya tsufa a hannuna. Wata rana ina yanke masa farce, ba tare da na tambaye shi ba, ya ce, "Hannatu, bakuna biyar ne a wuyana, na ji tsoro." Na ce na sani, Baba, na kuma yafe masa tun kafin ya rasu. Sufeto kuwa ban san ko yana raye ba. Kowace shekara ina shiga azumi da niyyar yafe masa, sai Ista ta same ni ban yi ba.